Tambayoyin da kuke yawan yi min kan sauke hotuna daga intanet

Assalamu alaikum jama'a. Waɗanda suka sanni sun san ina da ɗan teburin kwamfuta da firinta a nan Makka ta wajen Shari'u Mansur, kuma duk shekara da an shiga Sha'aban kasuwar masu umara ta fara motsi sai hajiyoyinmu masu tura abaya da turare da dabino zuwa Kano da Kaduna da Yamai su taso ni gaba da tambaya iri ɗaya, ga kuma alhazawa ejan masu neman hoton otal za su nuna wa baƙinsu. Wlh bakina ya gaji da maimaita magana, shiyasa na zauna na tattaro su waje guda. Wanda ya sake tambayata nan zan turo shi.

Wai dole sai na saka wata manhaja kafin na sauke hoto?

A'a Hajiya. In hoto ɗaya ne ko biyar, ki ɗora yatsa a kansa ki riƙe, rubutu zai fito, ki zaɓi Download image, in jawwal ɗinki, wato wayarki, da Larabci yake za ki ga tanzilus sura. A laftof kuma danna dama ne sai Save image as. Shikenan fa. Rabin masu zuwa wajena da waya cike da tarkacen manhajoji masu talla, abinda suke nema bai wuce wannan ba.

To in hotunan sun kai ɗari a shafi ɗaya fa? Yatsa ya gaji

Nan ne maganar take. In kana da laftof, kafin ka saka komai gwada Firefox, akwai wani abu a cikinsa da mutane da yawa basu sani ba: ka buɗe shafin, ka danna Ctrl da I tare, wata taga zata fito, ka shiga Media, zaka ga duk hotunan shafin a jere, sai Select All sai Save As ka nuna masa folda. Ba ka biya ko sisi ba, ba ka saka komai ba. Ko a Chrome ma in ka danna Ctrl da S ka ajiye shafin gaba ɗaya, zai yi maka wata folda a gefe da hotunan a ciki, sai dai zaka sha tsince-tsince don har da tambari da ƙananan alamomi yake kwasowa.

In aikin kullum ne to sai ka saka ɗan ƙarin da ake liƙa wa burauza, wato ekstenshan. Waɗanda aka fi sani akwai Imageye, akwai Fatkun, akwai DownThemAll wanda shi tsohon hannu ne tun zamanin Firefox na da, ya taɓa tsayawa a 2017 da Firefox ta canza tsarinta sannan aka sake gina shi ya dawo a 2019. Amfaninsu shi ne tacewa: a irin su Imageye da Fatkun kana iya cewa ni duk hoton da faɗinsa bai kai fiksel 600 ba bana so, sai ya zubar da tarkacen ya bar maka na kirki. Ni dai DownThemAll nafi sabawa da shi saboda yana barinka ka tsara yanda sunan fayil zai fito, amma ga wanda bai son dogon lissafi Imageye yafi sauƙi, danna ɗaya ne ka ga hotuna sun jeru.

Kuma guda ɗaya ya isa dan Allah. Na taɓa buɗe laftof ɗin wani yaro na tarar da irinsu har bakwai, yana ta kukan wai kwamfutarsa ta tsufa.

Ni bani da laftof, jawwal kawai gareni

Chrome na Android baya karɓar ekstenshan, kar ka wahalar da kanka nema. Firefox na Android shi yana karɓa, tun ƙarshen 2023 suka buɗe ƙofar sosai. Da can mutane Kiwi Browser suke sakawa saboda wannan, to an daina kula da shi tun farkon 2025, kuma burauzar da ba a sabunta ta ba ni bana ba da shawarar a riƙa shiga banki ko imel da ita. Akwai kuma 1DM a Play Store, yana da burauza a cikinsa da ke tsamo fayilolin da ke kan shafi. Masu iPhone kuma akwai Shortcuts da ke zuwa da wayar, ana iya haɗa ɗan umarni ya kwaso hotunan shafi ya zuba a Photos, amma gaskiya sai mai haƙuri.

Maganar tsakani da Allah, in hotunan sun wuce ɗari biyu ka ari laftof na awa ɗaya yafi maka.

Na sauke sun fito ƙanana, in na buɗe sai dishi-dishi. Meye matsalar?

Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce muhimmanci kuma ita ce mutane suka fi raina wa. Abinda kike gani a shafin da aka jera kaya ba shi ne hoton asali ba, ɗan samfuri ne aka ƙanƙantar don shafin ya buɗe da sauri, babban yana ciki sai kin shiga kayan kin danna hoton ya buɗe shi kaɗai. Manhaja kuma abinda ta tarar a gabanta take kwasa, bata da hankalin da zata ce bari in leƙa ciki, sai dai waɗanda aka gina musamman don bin linki irin su Bulk Image Downloader wanda na kuɗi ne. To kinga in kika tsaya a shafin farko kika ce kwashe, hotuna ɗari uku za ki samu amma ko ɗaya ba zai yi kyau a sitatus ba balle a firinta.

Na biyu, shafukan yanzu basa loda hoto sai kin gangaro inda yake. Yani in baki ja shafin har ƙasa ba, hotunan ƙasan basu ma iso wayarki ba tukuna, shiyasa wani zai ce min shafin hoto 80 ne amma 12 kawai ya samu. Ki ja a hankali har ƙarshe, ki bari kowanne ya bayyana, sannan ki danna saukewa.

Na uku wata 'yar dabara ce da nake jin daɗinta. Ƙananan shaguna da yawa da WordPress suka gina shafinsu, shi kuma in aka ɗora masa hoto yana yanka shi gida-gida ya liƙa girman a ƙarshen suna. In kika buɗe hoton shi kaɗai kika ga adireshin ya ƙare da wani abu kamar abaya-300x300.jpg, ki goge -300x300 ɗin ki bar abaya.jpg ki danna, sau da yawa uwar hoton ce zata fito. Ba ko yaushe ba, amma yana yi sosai.

Sai masu ɗauka kai tsaye daga Google. Da akwai maɓallin View image da ke kai mutum kan asalin hoton, suka cire shi a Fabrairun 2018 bayan sun yi sulhu da kamfanin Getty Images, tun daga nan yafi ka shiga shafin da hoton yake. In kuma ƙarami ne kawai a hannunka kana neman babbansa, saka shi a Google Lens ko TinEye, shi TinEye har yana barinka ka jera sakamakon daga mafi girma.

Hoton ya sauka da suna .webp ya ƙi buɗewa a tsohuwar kwamfutata

Ba lalacewa yayi ba, wani nau'in hoto ne da Google ta fitar a 2010, yafi JPG rashin nauyi shiyasa shaguna ke sonsa. Akwai ƙaninsa AVIF da ya fito a 2019, ga HEIC na masu iPhone. Kar ka goge webp ka rubuta jpg da hannu kace ka canza shi, riga kawai ka sauya masa, mutumin ciki yana nan. XnConvert kyauta ne, ka zuba masa folda guda ya juya maka su duka zuwa JPG a tashi ɗaya, IrfanView ma yana yi.

Shafin ya hana danna dama, ya zan yi?

A laftof danna F12, shiga Network, zaɓi Img, ka sake loda shafin, duk hoton da ya shigo zai bayyana a jere sai ka buɗe wanda kake so. Ai duk abinda idonka ya gani a allo to ya riga ya sauka a na'urarka, kullewar nan labule ce kawai. Sikirinshot shi ne mafita ta ƙarshe don girman allonka kawai zai baka.

Sai dai wanda ya kulle yana gaya maka ne baya so a ɗauka, ka karanta amsar da na bayar kan doka a ƙasa kafin ka yi gaba.

Ni gaba ɗaya shafin nake so, duk hotunan da ke cikinsa

Akwai HTTrack, tsohuwar manhaja ce kyauta da wani Bafaranshe Xavier Roche ya fitar tun 1998, tana kwafe shafi da 'ya'yansa ta ajiye maka ka buɗe ko ba intanet. A tsofaffin shafuka masu sauƙin gini har yau tana aiki tsaf, amma manyan shagunan zamani da komai nasu sai JavaScript ya tashi kafin ya bayyana, zata dawo maka da kwando ba komai. JDownloader shi kuma ka kwafi linki kawai zai tsinko abinda ke ciki da kansa. Ga 'yan jami'armu masu son baƙin allo akwai wget da gallery-dl. Misali:

wget -r -l 1 -nd -H -A jpg,jpeg,png,webp -w 2 sai adireshin shafin

Wancan -l 1 ɗin yana nufin taki ɗaya kawai zai shiga ciki, -w 2 kuma ya huta daƙiƙa biyu tsakanin kowane ɗauka. Kar ka cire su. Ni na taɓa cire su ina gaggawa a wani shafin masu saida turare, na tafi sallar isha na dawo na tarar ya cinye min data ya cika folda da abinda ban aike shi ba, su kuma sun toshe ni kwana biyu ko buɗe shafin bana iyawa. In ka ga lamba 429 ma'anarta ka cika naci ka sassauta, 403 kuma an rufe maka ƙofa ne.

Instagram da Facebook fa?

In naka ne, kar ka bi ta taga alhali ƙofa a buɗe take. Cikin saitin Accounts Center akwai wajen neman a haɗa maka duk bayananka da hotunanka a turo maka, Google Photos ma akwai Google Takeout. In na wani ne kuma, duk manhajar da tace ka rubuta mata sunanka da fasuwod na Instagram ka gudu. Wata baiwar Allah mai saida sarƙa da 'yan kunne haka ta rasa shafinta da ta shekara huɗu tana tara kwastomomi, ta wayi gari an canza lamba an canza imel, sai ga shi ana tallan wani abu daban da sunanta. Kuma ko ka sauke daga can ba asali bane, sun riga sun matse shi. In na dillalinka ne ka ce ya turo maka na wayarsa kawai, yafi kyau yafi sauƙi.

Wani ya turo min IDM (Internet Download Manager) na kirak, wato wanda aka fasa don kar a biya, ko APK, wato fayil ɗin manhajar Android, da aka buɗe komai kyauta. In saka?

Kar ka saka Yaya. IDM manhajar sauke fayiloli ce mai kyau, ta kuɗi ce, suna baka kwana 30 na gwaji, in ta yi maka ka saya in bata yi ba ga na kyauta nan birjik na lissafa a sama. Ka tuna a ƙasar nan rayuwarka kaf a cikin jawwal take, manhajojin gwamnati Absher da Nafath na ciki, banki na ciki, lambar sirrin da ake turowa ta mesej nan take shigowa. Manhajar sauke hoto me ya haɗa ta da karanta mesej ɗinka ko lambobin mutanenka? In ta nemi wannan izinin, ko ta ce ka kunna mata Accessibility, to ba hoto ta zo ɗauka ba.

Ko ekstenshan na cikin shagon Chrome ma ba a rantse musu. Yawancinsu suna neman izinin ganin duk shafin da ka buɗe, kuma yakan faru mai shi ya sayar wa wani, sabon ya cusa mugun abu. Haka aka yi da The Great Suspender da Google ta cire a 2021 bayan mutane masu ɗimbin yawa sun saka shi. Ni abinda nake yi, burauza ɗaya ta kwasar hoto, wata daban ta harkar kuɗi, basa haɗuwa.

Tsakani da Allah ya halatta in ɗauki hoton wani shago in saka a sitatus ina talla?

Hajiya wannan gida biyu ne. Akwai haƙƙin mai hoton, shi ya biya mai kyamara ya biya wadda ta saka abayar, kuma a nan Saudiyya akwai hukuma sukutum mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, SAIP, ana kai mata ƙara. In kayan dillalinki ne kike saya a wajensa, ki tambaye shi, yawancin masu jumla a Jidda murna ma suke su turo miki da kansu tunda kasuwarsu kike buɗawa. Abinda bana yi wa kowa a teburina shi ne goge tambarin wani daga hoto a ɗora na wani, ko nawa za a biya.

Gida na biyu shi ne wanda yafi damuna. Ki ɗauko hoton abaya ta riyal 400 daga babban shago, ki saka a sitatus, mata a Kano ta gani ta turo kuɗi, ki je kasuwa ki sayo mai kama da ita ta riyal 60 ki saka a kargo. Ranar da ta buɗe leda ta ga ɗinkin da yadin ba ɗaya ba, ba ke kaɗai zata zaga ba, cewa zata yi 'yan Saudiyya duk haka suke. Kuma duk mun san hadisin wanda ya yi mana algus baya cikinmu. Ki rataye abinda ke hannunki kusa da taga da hantsi ki ɗauka da wayarki, ko bai yi ƙyalli kamar nasu ba shi ne zai iso mata.

Hoton mutane kuma wannan babu wasa a ciki sam. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tara har riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane ta hanyar kyamarar waya ko ya ɓata musu suna ta intanet. Hotunan biki, hoton 'yar wani, hoton mata a Harami, kar ka sauke ka yaɗa. Kuma wanda ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, ya san abinda ke biyo bayan irin wannan shari'ar, ba sai na faɗa ba.

Ina zan samu hotuna masu kyau da ba wanda zai biyo ni?

Unsplash, Pexels, Pixabay, duk kyauta ne har don talla. Wikimedia Commons tana da fayil sama da miliyan 100, amma kowane hoto da sharaɗinsa a rubuce a ƙasa, da yawa suna so ka ambaci sunan mai ɗauka. Ejan masu neman hoton otal, ku nema wajen otal ɗin, kuma dan Allah ɗakin da baƙo zai kwana za ku nuna masa, ba wanda tagarsa ke kallon Ka'aba ba alhali shi can Aziziyya za a sauke shi.

Masu son tsofaffin hotunan Makka da Madina na rataya a falo, ku bar kwasar na Facebook da aka tura sau dubu har ya koɗe. Ku nemi sunan Muhammad Sadiƙ Bey, Bamisiren da ya ɗauki Madina a 1861 ya kuma ɗauki Makka wajen 1880, da na Sayyid Abdulgaffar likitan nan na Makka da ya yi ɗauka a shekarun 1880. Ana samunsu da girma mai kyau a Wikimedia Commons da ɗakin karatun majalisar Amurka. Na buga wa wani dattijo ɗaya, ya daɗe tsaye yana kallo yana nuna min inda kakansa ya ce ayarinsu ya sauka bayan sun yi shekaru a hanya ta Sudan.

Na samu babban hoto amma da na tura wa mai firinti ta WhatsApp yace ya fashe

WhatsApp ne ya matse shi. Ko HD ɗin da suka kawo a 2023 yana ragewa. Ka tura shi a matsayin Document, haka zai isa yanda yake. Lissafin firinti kuma ga shi: takardar A4 mai kyau tana son wajen fiksel 2480 a 3508, ƙaramin hoto na 10 a 15 santimita kuma wajen 1200 a 1800. Allon talla na bakin shago baya buƙatar tsananin haka tunda daga nesa ake kallonsa. Abu ɗaya, in hoton da ka ɗauka ne da wayarka a gida, Document yana tafiya da duk bayanan da ke ɓoye a cikinsa har da inda aka ɗauka in ka bar lokeshan a kunne, to ka san wanda kake tura wa.

Data nawa zai ci min?

Ka yi lissafi da kanka: hoto mai nauyin MB 3 sau 500 ya zama kusan GB 1.5. Na shaguna yawanci basu kai haka ba. Ko STC kake ko Mobily ko Zain, in datar taka ta kusa ƙarewa ka bari sai ka samu wayfai, kuma ka kashe Google Photos kar ya sake ɗora su sama ka biya sau biyu.

Shafin da nake ɗaukar hoto ya ɓace gaba ɗaya, akwai dabara?

Gwada Wayback Machine a archive.org, ka saka tsohon adireshin ka zaɓi shekara. Wani lokaci rubutun kawai suka adana hotunan basu shiga ba, wani lokaci kuma ka yi sa'a ka tarar da komai. In ka tarar, ka sauke a take ka ba folda suna da kwanan wata, kar ka barsu a Downloads da sunan IMG kaza kaza, don wata uku masu zuwa kai ne zaka zo teburina muna ta gangara hoto dubu huɗu muna neman baƙar abaya mai zare ruwan zuma.